Farin Zoɓon Iya na Gindin Tudu

Gidan Malam Haladu,
Unguwar Gabas, Sule Tankarkar,
Jihar Jigawa.
Litinin, 9 ga Disamba.

Zuwa ga Gwaggona Umma, a Sabo, Shagamu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gwaggo, daga nan na durƙusa ina gaishe ki, gaisuwar 'ya ga uwa. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Shehu da yara duka. Allah Ya sauwaƙe miki ciwon gwiwar da kika faɗa wa Inna, Ya sa albarka a cinikin goron Baba Shehu, Ya raya muku zuriya, Ya kuma sada fuskokinmu da alheri, amin. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah. An gama da gero da wake, rumbu biyu sun cika, na ukun ya kai wuya. Baba ya rabu da tarin da ya dame shi da kaka. Akuyar da kika bar mini ta haifi biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai tabo a goshi, kuma mai tabon ya riga ya koyi satar dusa. Babban labari kuwa kin ji shi a waya: Yaya Zulaiha, matar Yaya Ƙasimu, ta sauka lafiya, an sami mace, kuma shekaranjiya Asabar aka yi suna. Liman ya raɗa mata Tayyiba, sunan Iya. Na rubuta shi sau ɗaya don ki gani da idonki, amma a gida ba mai kiransa, kowa Iya Ƙarama yake cewa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali ga waya. Ke ma kin san halina. In Inna ta miƙo mini wayar, daga lafiya lau sai harshena ya ɗaure, har kika sa mini Malama Shiru. To abin da nake son faɗa miki ya fi ƙarfin lafiya lau. Rannan na ji kina tambayar Inna ko farin zoɓon Iya yana nan har yanzu, Inna ta ce miki sai dai a yi haƙuri, ta sauya magana. Ina zaune a gefen murhu a lokacin, na ji yadda muryarki ta yi ƙasa. Shi ya sa na yage tsakiyar tsohon littafina na firamare, na ari biro wurin Yaya Ƙasimu, don in ba ki labarin tun daga tushe. Malam Ilu direba, mai kai shanu Ikko daga Maigatari, shi zai kawo miki ita tare da wani ƙunshi. Don Allah kada ki kwance ƙunshin sai kin gama karatu.

Kin tuna gonarmu ta gindin tudu, wadda ake bi ta hanyar Gumel? Tudun rairayin yana nan yadda kika bar shi, da gawo biyu a ƙasansa da tsohuwar rijiya. Duk gonar yanzu jan zoɓo Baba yake shukawa saboda masu saye na Maigatari, ban da layi goma sha ɗaya na Iya da ke manne da tudun. Ina tuna ranar da na tambaye ta me ya sa ba ta matsa da shukarta sama ko ƙasa ba. Ta ce a kan tudu yakuwa ƙishi take sha, sai 'ya'yanta su yi tsami kamar tsamiya, a kwari kuma ruwa ke yi mata yawa, ta yi ta ganye ta manta da 'ya'ya. Ta ce a gindin tudu ne kawai take samun daidai, don ruwan da tudu ya sha da damina a hankali yake sako shi ta ƙarƙashi, ga ganyen gawo yana zuba yana zama taki, ga inuwar tudu da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Tun rasuwarta shekara huɗu ke nan ni nake shuka layukan. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni. Gurguzun, wato irin shukar, nakan ɗaure shi a cikin tsumman zanenta na saƙi, mai baƙi da shuɗi, in rataye a ɗakin Inna har damina ta zagayo.

Bara ne abin ya ɓaci. Wurin shanya iska ta kwashi farin ta zuba cikin ja, ba mu lura ba aka ɗura a buhu. Da Baba ya kai kasuwa, masu saye suka soka hannu suka zaro fari, suka sa aka juye buhunan a ƙasa, Baba da girmansa ya tsuguna yana tsince a gaban mutane har la'asar. Bai yi mini faɗa ba, kin san shi, amma kwana uku bai ci tuwo da yawa ba. Bana da aka gama ɓara, ina shanya nawa a inuwar rumfa don kada rana ta dafe shi, sai ya tsaya a kaina ya ce Sabuwa, bana ce ta ƙarshe. Ya ce farin zoɓo na miya ne, ba mai shansa, kuma ba zai sake tsugunawa a kasuwa saboda layi goma sha ɗaya ba. Ya ce baɗi ja za a shuka har gindin tudun, gurguzun kuma a kai wa Kande, tsohuwar ƙawar Iya mai sana'ar daddawa, ta dafa shi daddawa. Gwaggo, ina da magana cike da baki, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Na ce to. Na shiga bayan ƙofa na yi kukana, na fito na ci gaba da shanya. Iri ne da ba kowa ke da shi ba a garin nan, na tambaya a Islamiyya, 'yan ajinmu ma dariya suka yi wai ta yaya zoɓo zai zama fari.

Ana cikin haka Yaya Zulaiha ta haihu, gida ya rikice da murna. Ranar Alhamis Baba da Yaya Ƙasimu suka kai jan zoɓo Maigatari. Inna ta ware rabin buhu na shan suna ta jingine a zaure, ta kuma faɗa wa Yaya Ƙasimu har sau biyu. Shi kuwa tunda ya sami 'ya mace ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, ana ce masa gabas yana yin yamma, ya haɗa da rabin buhun ya loda a mota. Sai ranar Juma'a bayan azahar, da Inna ta je ɗauka, ta tarar da wurin wayam. Ta ce a je maƙwabta a nemo. Baba ya ce ko kusa, wai manomin zoɓo ya fita roƙon zoɓo ranar sunan jikarsa, ai har baɗi ana ba da labarinsa a majalisa. Yaya Ƙasimu ya ce to a sayo lemon kwalba, Baba ya dube shi ya ce wanda ya sayar da abin shan 'yarsa ba shi da bakin ba da shawara. Inna dai ta bi ta ƙofar baya ta samo kwano ɗaya, wanda ko matan cikin gida ba zai isa ba, balle mazan waje da baƙin Damagaram, dangin Yaya Zulaiha, da suka ce za su zo mota guda. A wannan hargitsin ne kuma aka aika gidan Kande aron babbar tukunyarta ta dafa daddawa, aka wanke ta da toka har sau uku, don tamu ba za ta ɗauki shinkafar suna ba.

Ni ban ce wa kowa komai ba. Na ɗauki jarka biyu na ɗora wa jaki, na tafi rijiyar gindin tudu, don Iya ta ce ruwan famfo yana da kanwa, yana sa farin zoɓo ya yi duhu. Na wanke sabuwar randar da aka sayo wa mai jego da tsohuwar ta Iya. Na yi yadda ta koya mini. Ba a dafa shi, wuta tana kashe masa ƙamshi. Jiƙa shi ake yi a ruwan sanyi tun la'asar, a daddaka ɗanyar citta kaɗan, a jefa kanumfari ƙwaya bakwai a kowace randa ba ƙari, a rufe da faifai. Da asuba bayan salla na tace da farin ƙyalle har sau biyu, na sa farin sukari, don mazarƙwaila tana ɓata masa launi, na murza ganyen na'a-na'a na jefa na cire. Gwaggo, da na ɗebo a kofin gilashi na ɗaga, sai ga shi garau, launinsa kamar sabon karan gero da rana ta haska, kana hango yatsunka ta ciki. Ƙamshinsa ya tashi, sai na ji kamar Iya ce ta wuce ta bayana. Inna ta shigo ta gani, ta kurɓa. Sai ta ce in Babanku ya yi faɗa ni ce na sa ki, ta sa aka ɗura a jarkoki aka naɗe su da jiƙaƙƙen buhu.

Baƙin Damagaram sun iso da hantsi, jagoransu Alhaji Manu, kakan Yaya Zulaiha. Tsoho ne dogo siriri, Bafulatani, gemunsa fari tas, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Tun daga ƙofar gida ya fara wasan nan na Fulani da mu Mangawa, wai ya zo ya gani ko Mangawa sun koyi ciyar da baƙo ko har yanzu sai labari. Baba ya ce masa Bafulatani in ba nono ba me ya sani a abinci, a ba shi ƙwarya ya koma rugarsu. Aka yi ta dariya. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida, aka fitar da shinkafa da waina da soyayyun zabi, da hantar ragon suna da kitsenta da aka gasa wa manya, ga kuma soyayyar fara da baƙin suka zo da ita tsaraba. Aka bi kowa da kofi. Ni ina zaure a bayan ƙyaure, ina miƙa jarka ina leƙe ta kafar ƙofa.

Alhaji Manu ya karɓi nasa, bai sha ba. Ya ɗaga kofin sama yana kallonsa a haske, ya juya shi a hankali, ya kai hanci ya shaƙa, ya sake shaƙa. Sai ya kira Baba da cikakken sunansa ya ce me ake ba baƙi a gidan nan. Ya ce shi fa shekara ashirin ya yi yana aikin kuku a wani otel a Yamai tun yana saurayi, kuma akwai wani abin sha da Nasara suke yi da inabi, ja da fari, farin nan launinsa ke nan ba bambanci. Ya ce har hoton gonakin yana jikin kwalbar, inabi layi-layi a gindin wani ƙaton dutse mai farar hula ta ƙanƙara, kuma mai otel ɗin, wani Bature mai jan hanci da suke kira Mushe, yakan ce inabin gindin dutse ya fi na fili daɗi. Ya ce sunan abin giya, ya ɗauke ta a faranti shekara ashirin, bai taɓa kai ta harshensa ba, kuma ita ce ta sa ya bar aikin da ya dawo daga Makka. Gwaggo, kin ga yadda kaji ke yi in shaho ya gilma? Haka rumfar ta yi. Kowa ya ajiye kofinsa a ƙasa. Wani da ya riga ya kurɓa ya fara salati. Liman ya dubi Baba. Baba kuwa sai a lokacin ya lura da abin da ke cikin kofinsa, ya ce a hankali ai farin zoɓo ne kawai na tsohuwarsa. Alhaji Manu ya ce ya sha zoɓo a ƙasa uku bai taɓa ganin mai wannan launi ba, shi ba zai yarda ba sai an kira wanda ya haɗa ya yi bayani a gaban liman.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta zo ta bayana ta gyara mini hijabi ta tura ni. Na fita na durƙusa a bakin rumfa, idona a kan tabarma, na gaishe su da muryar da ni ma ban ji ta ba. Alhaji Manu ya ce a'a, jikar Mangawa, ɗaga murya, kunnen hagu ya bar shi a Yamai. Na fara bayani. Na faɗi gonar, na faɗi rijiyar, na faɗi jiƙon da kanumfari bakwai. Liman ya tambaye ni yaushe aka jiƙa. Na ce jiya da la'asar, kuma Iya ta ce ba ya kwana biyu, ranar da aka tace ranar ake shanyewa, in ya fara kumfa ko ya sauya wari to a zuba wa ƙasa, ba na Musulmi ba ne kuma. Liman ya gyaɗa kai ya ce wannan tsohuwa ta san addininta, ya yi bismilla ya shanye nasa, ya miƙa kofi a ƙara. Sai Alhaji Manu ya fashe da dariya har hularsa ta karkace, ya ce shi tun shaƙar farko ya san ba komai a ciki, hancin da ya yi shekara ashirin a otel ba a ruɗinsa, so yake kawai ya ga Mangawa sun yi zufa, ya kuma ga hannun da ya yi wannan aiki.

Na yunƙura zan gudu ya ce in zauna, shari'a ba ta ƙare ba. Ya ce Nasara ba sa shan nasu haka kawai, kowane da abincin da ake haɗa shi da shi, to ni da me ake shan nawa. Na ce Iya ta ce ba a bin fura da shi, yana tsinka nono a ciki. Ba a sha da tuwo miyar yakuwa ko ɗanwake mai yaji da yawa, tsami kan tsami faɗa suke yi. Na ce yana son abu mai maiƙo da gishiri, kamar waina da ta sha mai, ko soyayyar fara, ko kifi banda, amma abokinsa na gaske kitsen rago ne mai zafi. Ya girgiza kai ya ce a nan tsohuwa ta yi kuskure, Mushe ya koya masa fari na kifi ne da kaza, jan nama sai ja. Gwaggo, ban san daga ina ƙarfin halin ya zo mini ba. Na ji bakina ya ce Alhaji, a yi haƙuri, Mushe bai taɓa cin ragon suna ba, a gwada a gani. Rumfar ta ɗauki dariya, har da liman. Ni kuwa na rufe fuska da hijabi, na yi zaton na yi rashin kunya, amma ta ƙasan hijabin na hango Baba yana murmushi.

Aka jera wa Alhaji Manu faranti huɗu a gabansa kamar mai yanke hukunci. Ya ci cinyar zabuwa ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce a nan Nasara sun yi gaskiya. Ya ci waina ya kurɓa, ya ce ba laifi. Ya watsa fara a baki ya kurɓa, ya ce wannan kam da Mushe ya sani da ya bar ƙyamar fara. Sannan ya ɗauki hanta da kitse yana cewa bari ya kunyata ni. Ya tauna, ya kurɓa. Ya sake ɗauka, ya sake kurɓa. Sai ya ce wa liman a rubuta, yau Bafulatani ya sha kaye a hannun jikar Mangawa, don abin yana wanke maiƙo daga harshe, kowace loma ta koma kamar ta farko. Daga nan muryarsa ta sauya, wasan ya tafi. Ya ce shekara ashirin yana kallon mutane suna jin daɗin abin da aka haramta masa, wani lokaci zuciya takan tambaye shi ko yaya yake, yakan ce mata ki yi haƙuri. Ya ce yau ga shi da furfura Allah Ya ba shi na halal a gidan surukai, daga gindin tudu kamar na hoton. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba zai koma Damagaram ba sai da irin wannan zoɓo ko da cikin tafin hannu ne.

Duk wannan abin Baba bai taɓa nasa kofin ba. Sai a lokacin ya ɗauka ya kurɓa. Gwaggo, ya daɗe yana kallon cikin kofin. Ashe tun rasuwar Iya bai ƙara shansa ba, don ni Inna kawai nake ba wa tana miya da shi, ban taɓa samun bakin cewa in jiƙa masa ba. Ya ce, ba da kowa yake ba, haka Iya take ba su ranar sallar layya shi da ke, kuna faɗa a kan wa zai lashe ludayi. Ya goge ido da bakin rigarsa ya ce hayaƙin gashi ne. Sannan ya ce mini in shiga in ɗauko irin a ɗebar wa Alhaji. Na ruga ɗakin Inna, na duba ƙusar da nake ratayewa, babu komai. Inna ta dafe ƙirji ta ce ai jiya da aka je aron tukunya ta haɗa da ƙunshin ta aika wa Kande, tunda haka Baba ya ce tun farko, ba ta so in gani ne don kada raina ya ɓaci. Kin san Kande ba ta ajiye gurguzu, ranar da aka kawo ranar take ɗorawa a wuta.

Na fito na faɗa wa Baba a kunne, wannan karon ban tsaya jin kunya ba. Ya miƙe da babbar rigarsa ta suna, ya bar baƙi a zaune, ya saɓa hannun riga a kafaɗa ya kama hanya, ina bin sa da gudu-gudu. Ban taɓa ganin Baba yana sauri haka ba, takalminsa ɗaya ya cire a rairayi bai ko tsaya ba, ni na ɗauko masa. Muka yi sallama gidan Kande, muka same ta zaune a kan turmi tana taunar goro, murhunta ba wuta. Baba ko gaisuwa bai gama ba ya ce ina gurguzun jiya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Haladu, yaron da na goya yana zuba mini majina a wuya, yau ni kake tambaya a tsaye. Baba ya tsuguna ya gaishe ta da kyau. Ta ce to a cikin me yake so ta dafa, a tafin hannunta, tunda tukunyarta tana gidansa cike da shinkafar da ko loma ba a aiko mata ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin, ƙullin da na yi da hannuna ko kwance shi ba a yi ba. Ta shafa tsumman ta ce ta gane zanen ƙawarta tun daga nesa, amma kada mu yaba mata, da tukunya tana nan da tuni ya zama daddawa, Allah ne Ya tsare abinSa da aron tukunya. Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kande ta ce a aiko mata da shinkafa da cinyar zabuwa da jarka guda, in ba haka ba ta bi gari da labarin mai babbar riga da takalmi ɗaya.

A gaban baƙi Baba ya kwance ƙunshin a kan faifai ya raba gida biyu, ɗaya na gona ɗaya na Alhaji Manu. Na matsa kusa da shi na ce Baba, saura na Gwaggo. Ya dube ni ya ce yau dai Malama Shiru ta buɗe baki ba ta da niyyar rufewa, ya sake rabawa gida uku. Ya ce layukan gindin tudu sun zama gayaunata, har ya ƙara mini huɗu, da sharaɗin a ɓare farin ranarsa daban, a shanya shi a gidan Kande nesa da ja, a ɗinke buhunsa da shuɗin zare. Na yarda da duka. Kafin magariba randa biyun nan ko ɗigo bai rage ba, matan cikin gida suka bar jan suka koma wa fari, mai jego ma ta sha kofi biyu a ɓoye. Alhaji Manu da zai shiga mota ya ce baɗi zai dawo da nasa a gwada, in nasa ya fi daɗi zan biya shi tarar zabuwa. Baba ya ce masa Damagaram ba su da irin tudunmu, gara ya fara kiwon zabuwar da zai kawo mini.

To Gwaggo, yanzu ki kwance ƙunshin. Babban ƙullin busasshen zoɓo ne, zai yi miki jiƙo uku. Ki nemi ruwan sama ko na rijiya mai daɗi, kada ki dafa, kanumfari kaɗan, kuma ku shanye a ranar. Ki sa Baba Shehu ya sayo tsire mai kitse ku gwada, ki faɗa mini ko Iya ta yi gaskiya. Ƙaramin ƙullin kuwa kasonki ne na iri. Na san ba ku da tudu a Shagamu, kuma Inna ta ce ruwanku yana da yawa, don haka ki tara ƙasa mai rairayi ta yi ɗan tudu a bayan ɗaki, ki shuka a gefensa ba a samansa ba. Ko tushe biyar ne suka fito sun isa. Na ga yadda iri ya kusa ƙarewa don yana rataye a ƙusa ɗaya, ba na so a sake.

Baba yana gaishe ki, ya ce in gaya miki har yanzu shi ne ya fi ki lasar ludayi. Inna tana gaishe ki da Baba Shehu. Yaya Ƙasimu da Yaya Zulaiha suna gaisuwa, da ɗansu Hamza wanda yake ta kishin ƙanwarsa, da Iya Ƙarama da ba ta san komai ba sai barci. Kande ta ce a gaishe ki, wai ko goron Shagamu ya ƙare ne. Ki gaishe mini da Yaya Abdulsalam da Ummulkhair da Abdurra'uf, ki ce musu akuya tana jiran su zo su zaɓi ɗa. Allah Ya jiƙan Iya, Ya haskaka kabarinta, Ya bar mu tare.

Tsumman da na ɗaure irin da shi, in kin duba za ki gane shi. Na raba shi biyu da almakashi, rabi yana nan a ƙusa, rabi yana hannunki. Kuma in kin kira ranar Juma'a, ki ce Inna ta ba ni wayar. Ina ganin wannan karon zan wuce lafiya lau.

Wassalam. Taki 'yar ɗan'uwanki mai ƙaunarki,
Sabuwa Haladu.